Shinkafar Hausa a Bahiya: yadda kakanninmu suka je Barazil da abin da ya rage nasu



In ka tambayi ɗalibi a Maraɗi ko Tawa inda Hausawa suke zaune a wajen ƙasar Hausa, zai lissafa maka Kumasi da Abijan da Kwatano, ya haɗa da Sudan da Makka. Da wuya ka ji ya ambaci Barazil. Alhali kuwa shekara 200 da suka wuce akwai wani birni a bakin tekun Barazil da gwamnansa ba ya da fargabar da ta wuce ta Hausawa. Sunan birnin Salbador, shi ne hedkwatar jihar Bahiya. Allah ya nufe ni da zuwa can, na yi kwanaki ina taka titunansa da ƙafa, na kuma karanta abin da masana tarihin ƙasar suka rubuta. Tsarabar da na kawo muku tambaya ce guda: me ya sa gangar Afirka da abincinta suka rayu a wannan birni har yau, amma harshen Hausawan da suka zauna cikinsa da karatunsu suka ɓace?

Birni mai hawa biyu

Turawan Fotugal ne suka kafa Salbador a 1549, ƙarƙashin gwamnansu na farko Tomé de Sousa. Shi ne babban birnin Barazil har zuwa 1763, lokacin da aka mayar da mulki Rio de Janeiro. An gina shi a gefen wani makeken lungun teku, kuma garin kashi biyu ne. Akwai Birnin Tudu, inda fadar gwamna da manyan coci-coci da gidajen masu hali suke. Akwai Birnin Gangare a bakin ruwa, inda tashar jiragen ruwa da rumbunan kaya da kasuwanni suke. Tsakanin su hawa ne mai tsayin gaske. Tun 1873 aka kafa wata na'ura mai ɗaga mutane daga ƙasa zuwa sama, ana kiran ta Lacerda, tsayinta mita 72, kuma har yau tana aiki. Kafin a yi ta, wuyan ɗan Afirka ne na'urar. Su ke hawa da ganguna da buhuna, su ke ɗaukar masu kuɗi a kan kujera mai labule su kai su tudu.

Tsohuwar unguwar da baƙi suka fi zuwa sunanta Pelourinho. Gidaje ne masu bene, an shafe su da shuɗi da rawaya da ruwan hoda, tituna kuma an daɓe su da duwatsu. Hukumar UNESCO ta sa unguwar cikin kayan tarihin duniya a 1985. A nan Michael Jackson ya ɗauki wani bidiyonsa a 1996 tare da makaɗan Olodum, har yau kuma masu yawon buɗe ido na layi don ɗaukar hoto a barandar da ya tsaya. Ma'anar sunan unguwar ita ce turken bulala, wato ginshiƙin da ake ɗaure mai laifi, galibi bawa, a yi masa bulala a bainar jama'a. A unguwar akwai cocin São Francisco wanda aka lulluɓe cikinsa da ruwan zinariya. Can gangare kaɗan kuma akwai wani shuɗin coci, Rosário dos Pretos, wanda ƙungiyar baƙaƙen fata, bayi da ƴantattu, suka gina wa kansu da guminsu a ƙarni na 18.

Dukiyar da ta gina wannan duka daga rake da taba ta fito, masu noman kuma ƴan Afirka ne. Barazil ta karɓi bayi fiye da miliyan 4 daga Afirka, babu wata ƙasa da ta kai ta, kuma kimanin miliyan ɗaya da rabi daga cikinsu a Bahiya aka sauke su. Yau mazauna Salbador sun haura miliyan 2, kuma kusan mutum 8 cikin 10 baƙi ne ko ruwa biyu.

Ba sai an gaya maka ba, da ido za ka gani. A bakin titi mata ne sanye da fararen kaya da ɗaurin kallabi, suna suyar wani abu da suke kira acarajé. Ƙosai ne sak, na farin wake, sai dai da manja suke soya shi, su tsaga shi biyu su cusa masa yaji da jatan lande. Sunan daga Yarbanci ya fito. Samari suna wasan capoeira, rabi kokawa rabi rawa. A gidajen addinin Candomblé ana kiran sunayen abubuwan bautar Yarbawa, ana rera waƙoƙi da kalmomin Yarbanci da na mutanen Dahome. Na yi ta neman namu cikin wannan taro. Abin da na samu a fili, a kan takardar jerin abinci na same shi: arroz de hauçá, wato shinkafar Hausa. Shinkafa ce da ake dafawa ta yi laushi ta kama jikinta, kamar tuwon shinkafa, a zuba mata soyayyen busasshen nama mai gishiri da albasa da yaji. Wani marubucin Bahiya baƙar fata, Manuel Querino, ya bayyana yadda ake yin ta a littafinsa na girke-girken Bahiya da aka buga a 1928. Na tambayi mai kawo abincin ko ya san su wane ne hauçá, ya ce sunan abincin ne kawai.

Hanyar da ta kai su can

Bahiya ta daɗe da ƙulla ciniki kai tsaye da gaɓar tekun da ke kudu da mu, daga Wida zuwa Porto-Novo da Badagiri da Ikko. Abin da ya ɗaure cinikin taba ce. Tabar da ba ta kai darajar a kai ta Turai ba, sai a shafe ta da ruwan rake mai kauri don kada ta bushe, a naɗe ta a kawo gaɓar Afirka, inda aka fi son ta da kowace iri. Turawan Fotugal har ganuwa suka gina a Wida a 1721 saboda wannan ciniki. Bafaranshen nan Pierre Verger, wanda ya zauna a Salbador har ya rasu a 1996, ya yi babban littafi a 1968 kan wannan kai da kawo tsakanin gaɓoɓin biyu. Jirgi ya zo da taba, ya koma da mutane.

Hausawa sun fara yawa a cikin jiragen nan ne daga farkon ƙarni na 19, dalili kuwa yana cikin tarihin da muke koyarwa kullum. A 1804 aka fara jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo. Katsina ta faɗi, Alƙalawa ta faɗi a 1808. Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya suka yi arewa, Ɗan Kasawa ya zauna ƙasar Damagaram, daga baya ya kafa sarautarsu a Maraɗi. Yaƙi bai tsaya ba, aka yi ta kai hari ana ramawa shekara da shekaru, har zuwa Gawakuke a 1836 da kafuwar Tsibiri bayanta. A aji mukan faɗi wanda ya yi nasara da wanda ya gudu da garin da aka kafa. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne ina aka kai waɗanda aka kama. Da yawa an bar su cikin ƙasa suna noma a rinji. Wasu an bi da su Sahara. Wasu kuma aka yi ta sayar da su hannu zuwa hannu ta ƙasar Nupe da ƙasar Yarbawa har bakin teku.

Kowane ɓangare ya kama, kowane ɓangare an kama nasa. Malaman jihadi sun yi hani da bautar da Musulmi ɗa, sun yi hani da sayar da shi ga Nasara, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tattauna batun hana kai bayi bakin teku da Baturen Ingila Clapperton a 1824. Amma fatake da mayaƙa ba su tsaya tambayar kowa kalmar shahada ba. Shaida tana nan a rubuce. Wani ƙaramin jakadan Faransa a Bahiya, Francis de Castelnau, ya riƙa kiran bayi da ƴantattu ƴan ƙasar Hausa da Barno yana tambayar su garuruwansu da koguna da hanyoyin fatauci, ya buga abin da suka gaya masa a Faris a 1851. Shi abin da ya dame shi wata tatsuniya ce ta mutane masu wutsiya, amma a garin neman ta ya adana mana muryoyin mutanen Kano da Katsina da Zazzau. Cikinsu akwai wani dattijo Bafulatani haifaffen Kano, Muhammadu Abdullahi, mai ilimi, wanda ya ce Hausawa ne suka kama shi a ƙasar Katsina lokacin yaƙi, aka bi da shi ta Ikko. Ya shekara kusan 30 a Bahiya, ya fanshi kansa, yana aikin kafinta. Duk Bamaraɗen da ya karanta wannan ya san yaƙin da ake nufi, ya kuma san cewa labarin na gida ne.

Shekaru goma na tawayen Hausawa

Mutanen da aka sauke a Bahiya a wannan zamani yawancinsu samari ne da suka san yaƙi, wasu kuma sun yi karatun allo. A cikin birni iyayen gijinsu sukan sake su su fita neman kuɗi, dako ko ɗinki ko aski ko talla, su kawo wani adadi da aka yanka masu kowane mako, abin da ya ragu nasu ne. Wannan shi ne abin da kakanninmu ke kira murgu. Ƴan dako suna da matattara a kusurwoyin titi, kowace ƙabila da tata, kowace matattara da shugabanta. A nan ake jin labarin gida daga sababbin zuwa, a nan ake zuba adashe don fansar kai, a nan kuma ake ƙulla shawara.

A watan Mayu na 1807 gwamnan Bahiya, Conde da Ponte, ya samu labarin cewa Hausawa sun shirya tashi ranar wani bikin coci, lokacin da hankalin gari ke wurin jerin gwano. Sun naɗa shugaba a kowace unguwa. Da aka kai samame aka samu kwari da baka da wuƙaƙe da layu. Hukuma ta ce niyyarsu har da ƙwace jiragen ruwa su koma gida. A Janairun 1809 ɗaruruwan bayi, galibi Hausawa, suka gudu daga birni da gonaki, wasu suka kai hari garin Nazaré. A ranar 28 ga Fabrairu 1814 aka yi wanda ya fi tsanani. Suka faɗa wa sansanonin masunta da ke bakin teku wajen Itapuã, suka cinna masu wuta, suka nufi yankin gonakin rake kafin sojoji su tare su a bakin wani kogi. An kashe gommai, daga baya aka rataye huɗu. Takardun shari'ar sun ambaci jagoransu da laƙabin malomi, wanda masana suka gane cewa kalmarmu ce ta malam ko malami, kunnen Bature ya karkatar da ita. A Fabrairun 1816 wuta ta sake tashi a gonakin Santo Amaro da São Francisco do Conde.

Daga nan yawan Hausawa ya fara raguwa a kan na wasu. Daular Oyo ta shiga rushewa bayan tawayen Afonja a Ilori a 1817, wanda bayi Hausawa da ke ƙasar suka mara wa baya. Yaƙe-yaƙen ƙasar Yarbawa suka cika jiragen Bahiya da Yarbawa, waɗanda ake kira Nagô a can, har suka rinjayi kowace ƙabila.

Daren 25 ga Janairu 1835

Wannan ita ce ranar da kowane ɗan makaranta a Bahiya yake jin labarinta, ana kiran abin tawayen Malê. Kalmar daga Yarbanci take, imale, wato Musulmi. Masanin tarihi João José Reis, ɗan Salbador, shi ya bi takardun shari'ar ɗaya bayan ɗaya ya fitar da littafi a 1986, ya faɗaɗa shi a 2003. A lissafinsa mazauna birnin a lokacin kimanin 65,000 ne, kashi ɗaya cikin uku haifaffun Afirka.

An shirya tashi da asubahin Lahadi, cikin goman ƙarshe na azumin Ramadan, ranar da mutanen gari ke tafiya wani biki a cocin Bonfim. Amma tun daren Asabar wata ƴantacciyar mata, Guilhermina Rosa de Souza, ta kai labari. Da tsakar dare masu sintiri suka buga ƙofar wani gida a gangaren Ladeira da Praça, inda wani ƴantacce mai suna Manoel Calafate yake zaune. Kimanin mutum 60 suka fito daga ɗakin ƙasa da takubba, sanye da fararen riguna, da layu a wuya. Suka fara nufar kurkukun da ke ƙarƙashin majalisar gari don su fitar da malaminsu, dattijo Pacífico Licutan, wanda ya ce sunansa Bilal. Ba laifi ya kai shi kurkuku ba, ubangidansa ne ya ci bashi, aka kama bawan a matsayin jingina. Ba su samu fasa kurkukun ba. Suka bi tituna suna tada ƴan uwansu, har adadinsu ya kai wajen 600. Niyyarsu su fita gari su haɗu da bayin gonaki, amma hanyar dole ta bi ta gaban barikin sojan doki da ke Água de Meninos. A nan takobi ya gamu da bindiga da doki. Kafin gari ya waye an gama. An kashe masu tawaye fiye da 70, wasu a ruwa suka nutse, su kuma sun kashe mutum 9.

Yarbawa ne mafi yawa a wannan tawaye, Hausawa kaɗan ne. Amma cikin malaman da aka tuhuma akwai Bahaushe, wani ƴantacce mai sayar da taba a Birnin Gangare, sunansa na baftisma Elesbão do Carmo, mutanensa kuma na kiran sa Dandará. A shagonsa yake tara mutane yana koya masu karatu da salla. Akwai kuma Banufe, Luís Sanim, wanda ke riƙe da asusun da ake taimakon juna da fansar bayi. Da hukuma ta tattara takardun Larabci daga gidaje da jikin gawawwaki, babu Baturen da ya iya karanta su, sai aka nemo wani bawa Bahaushe mai suna Albino ya karanta wa alƙali. Takardun suna nan a gidan adana takardun tarihi na jihar Bahiya. Na ga hotunansu. Ayoyin Alƙur'ani ne da addu'o'i, da irin rubutun da muka koya a allo, wasu hannun gwani, wasu kuma hannun wanda yanzu ya fara riƙe alƙalami. Wato har a cikin bauta, manya suna zama gaban malam bayan sun sauke kayan dako.

Hukunci ya yi tsanani. Ranar 14 ga Mayu 1835 aka harbe mutum 4 a filin Campo da Pólvora, saboda an rasa wanda zai yarda ya rataye su. An yanke wa Licutan bulala 1,000. An kori ƴantattu da yawa zuwa Afirka. A watan Yuni aka yi dokar kisa ga duk bawan da ya kashe ubangidansa. Daga ranar, a same ka da takardar Larabci ko farar riga ko allo ya isa a kama ka. Na je filin da aka yi harbin. Yanzu tashar jirgin ƙasa na cikin gari ce a wurin, da babban ginin kotu, mutane na ta wucewa da sauri.

Me ya sa ganga ta rayu, allo ya mutu

Dalili na farko danniya ce. Tsarin mulkin Barazil na 1824 ya ce Katolika ne addinin ƙasa, sauran addinai sai dai a yi su cikin gida, ba a yarda a gina masu wurin ibada da za a gane daga waje ba. Kowane bawa ana yi masa baftisma a sa masa sunan Fotugal. Bayan 1835 kuma Musulmi ya zama abin zargi. Sai dai danniya kaɗai ba ta isa ta zama amsa ba, domin gidajen Candomblé ma ƴan sanda sun yi ta kai masu samame har cikin ƙarni na 20, suna kwashe gangunansu, amma ga su nan.

Dalili na biyu, wanda nake ganin ya fi nauyi, shi ne babu mata. Ƴan ƙasar Hausa da aka tsallaka da su teku kusan dukkansu maza ne, domin matan da aka kama a yaƙi a gida ake riƙe su, ko a bi da su arewa inda suka fi tsada. Bahaushe a Bahiya in ya samu aure, sai da mace wata ƙabila ko haifaffiyar ƙasar. Yaro kuwa harshen da ya ji a bayan uwarsa shi yake tashi da shi. Yarbawa sun zo da matansu da yawa. Matan su ne suka riƙe kasuwar abinci, su ne suka kafa manyan gidajen Candomblé irin su Casa Branca, su ne shugabanninsu, kamar yadda Iya a Maraɗi da Inna a Tsibiri suke a kan harkar bori. Gidajen nan suna karɓar duk wanda ya zo, har haifaffen Barazil, su mayar da shi ɗan gida, a koya masa waƙa da girki da kalmomi tun yana ƙarami. Maganata a nan kan hanyar da abu ke bi ya wuce daga kaka zuwa jika take, batun ingancin aƙida daban ne.

Dalili na uku, karatun ya tsaya tsakanin manya. Malaman Bahiya sun koyar da ƴan uwansu ƴan Afirka a ɓoye, amma ba su samu kafa makarantar yara ba. Akwai shaidar wani malami Balarabe, Abdurrahman al-Bagadadi, limamin wani jirgin ruwan Daular Usmaniyya da ya yada zango a Rio wajen 1866. Ya zauna shekaru a ƙasar yana koyar da Musulmi baƙaƙe, ya je har Bahiya. Ya rubuta cewa iyaye suna salla da azumi a ɓoye, amma yawancin ƴaƴansu suna tashi Kirista, domin abin da suke gani a fili shi ne bukukuwan coci da kiɗa da ado, addinin uba kuma yana bayan ƙofa a rufe.

Da aka tsayar da shigo da bayi a 1850, sai ya zama babu sabon zuwa da zai sabunta harshe. An soke bauta gaba ɗaya ranar 13 ga Mayu 1888, Barazil ce ta ƙarshe a nahiyar Amurka. A ƙarshen wannan ƙarni wani likita malamin makarantar likitanci ta Bahiya, Nina Rodrigues, ya bi sauran tsofaffin ƴan Afirka da suka rage, ƴan ɗaruruwa, ya rubuta jerin kalmomin Hausa da Barbarci da Nufanci daga bakinsu. Shi kansa ya lura cewa Musuluncinsu zai bi su kabari, haka kuwa aka yi. Tsohon ginin makarantar tasa yanzu ya ƙunshi gidan tarihin al'adun Afirka. Ƙaramin masallacin da ke unguwar Nazaré a yau na baya-bayan nan ne, baƙi da sababbin musulunta suka raya shi. Sunan Malê kuma yana nan a bakin mutane a matsayin alamar jarunta, har wata ƙungiyar makaɗan bikin karnabal da aka kafa a Itapuã a 1979 ta sa wa kanta Malê Debalê.

Waɗanda suka dawo

Wasu sun samu komowa, ko da kora ko da kuɗin aljihunsu, sai dai akasari a bakin teku suka tsaya. A Wida da Porto-Novo da Ikko ana kiran zuriyarsu Aguda, su ne masu sunaye irin su da Silva da Paraíso. Ƴan kasuwarmu da direbobinmu da suka saba da hanyar Kwatano, duk wanda ya taɓa ratsawa Porto-Novo ya ga babban masallacin garin zai tuna cewa fuskarsa kamar ta coci take. Zuriyar waɗanda suka dawo daga Barazil ne suka kawo wannan salon gini, kuma da na tsaya gaban coci-cocin Pelourinho nan take na gane inda aka samo shi. A Akara ta Gana kuma akwai jama'ar Tabom, waɗanda wani babban ayarinsu ya sauka a 1836, shekara guda bayan tawayen, da Musulmi da yawa a cikinsu. Shahararren ɗan damben nan Azumah Nelson daga cikinsu ya fito.

Abin da ya rage gare mu

A 2003 Barazil ta yi doka mai lamba 10.639 wadda ta wajabta koyar da tarihin Afirka da na baƙaƙen ƙasar a makarantu. Su suna neman sanin inda suka fito. Mu da muke zaune a inda aka fito ɗin, abin da yaranmu suka fi riƙewa a darasin cinikin bayi shi ne zanen kusurwa uku tsakanin Turai da Afirka da Amurka, da sunan tsibirin Gore. Sai yaro ya ɗauka abin ya faru ne ga wasu mutane can bakin teku, mu ba ruwanmu.

Malami ba ya buƙatar sabon littafi kafin ya gyara wannan. Ranar da za ka koyar da kafuwar Maraɗi ko faɗuwar Alƙalawa, ja layi a taswira daga Katsina ka gangara ta Nupe zuwa Ikko, ka tsallaka teku zuwa Bahiya. Rubuta 1804 a gefe guda na allo, 1807 a ɗaya gefen, ka bar yara su gano da kansu abin da ya haɗa su. Ka gaya masu gaskiya duka: Turawa ne suka kawo jirgi da taba, suka yi turken bulala, amma hannun da ya fara ɗaura igiyar sau da yawa na gida ne, kuma daga kowane ɓangare na yaƙin. Yaran da ke zaune a aji guda yau, jikokin Gobirawa da Katsinawa da Fulani da Barebari, kowa yana da nasa a cikin jiragen nan. In aka faɗa masu haka babu wanda zai nuna wa wani yatsa.

Iyaye kuma, musamman na Yamai da masu zaune a ƙasashen waje, ku dubi dalilan nan uku da kyau. Hausa ba ta cikin haɗari a duniya, miliyoyi ke magana da ita, kuma a 2025 hukumomin Nijar sun ayyana ta a matsayin harshen ƙasa. Amma harshe gida-gida yake mutuwa. Akwai gidajen da uwa ke magana da Hausa yaro na amsawa da Faransanci, ana dariya ana cewa ya waye, kaka ta zo daga ƙauye ta rasa yadda za ta yi hira da jikanta. Mutanen Bahiya an raba su da matansu, an hana su allo, an yi masu bulala a kan takarda, duk da haka sun riƙe abin da suka iya har ƙarshen ransu. Mu babu wanda ya hana mu komai. Tatsuniya da dare, karatun allo da safe, sunan kakanni da garin da suka fito, duk suna hannunmu, kuma tun yana ɗanye ake tanƙwara icce.

Allah ya jiƙan Dandará da Bilal da Muhammadu Abdullahi kafinta, da dubban da ba a rubuta sunayensu ba. Allah ya ba mu ikon isar da amana ga na bayanmu, amin.